Daga Jidda zuwa Abha a kan babur mai cc 650, bayan shekara 14 ban hau ba

Bayan sallar asuba muka bar Jidda mu uku, a farkon watan Nuwamba, lokacin da zafi ya fara sassauci a bakin teku, sanyin duwatsu kuma bai kai ga tsanani ba. A gaba akwai wani dattijon Bahaushe haifaffen Makka, wanda muke kira Alhaji, yana kan Honda CB500X. A baya akwai ƙanin matata a kan wani ƙaton babur mai cc sama da 1,200. Ni ina tsakiya a kan Suzuki V-Strom 650 da na saya na hannu. Mutanen nan dabbab suke ce wa babur kowane iri ne, daga na masu kai saƙon abinci har irin namu. Niyyarmu ita ce mu hau Ɗa'ifa ta Hada, mu bi kan duwatsun Sarawat zuwa Baha da Abha, mu sauko Tihama, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke gindin duwatsun, mu dawo ta gefen teku.

Na rubuta wannan ne saboda masu irin halina, waɗanda suka yi babur da ƙuruciya, aiki da iyali suka raba su da shi, yanzu kuma hali ya samu suna son komawa. Irin wannan mutum ya fi sabon shiga zama cikin haɗari, domin zuciyarsa tana riƙe da gwanintar da, hannunsa kuwa ya riga ya manta. Abin da ke zubewa ba iya tafiya a miƙaƙƙen titi ba ne, wannan minti biyar ya isa ya dawo. Abin da ke zubewa shi ne juyawa a hankali cikin ƙuntataccen wuri, da auna ƙarfin birki, da jefa ido can ƙarshen kwana, da ƙarfin wuya da ƙugu bayan awa uku a kan sirdi. Babura ma sun sauya. Wanda ya saba da birkin tsohon mashin mai cc 125, wanda sai ka damƙe da yatsu huɗu, idan ya yi irin wannan damƙa a kan babur na yau mai faifan birki biyu a gaba, sai ya tsinci kansa a ƙasa in babu ABS, wato na'urar da ke hana taya kafewa lokacin birki. Shi ya sa sharaɗina na farko tun kafin in duba suna ko launi shi ne ABS. Duk babur ɗin da ba shi da ita ban ko tsaya tambayar kuɗinsa ba.

Daga Jidda zuwa gindin Hada titi ne mai faɗi, a miƙe, ya ratsa ta gefen Makka ya wuce kusa da Arfa. A nan kowane babur cikin ukun lafiya lau yake. V-Strom a giya ta 6, kilomita 110 zuwa 120 a awa, injin yana tafiya cikin natsuwa da sauran ƙarfi a ajiye na wuce mota. Kyamarorin Sahir, masu kama mai gudun wuce ƙa'ida, suna ko'ina, don haka ƙarfin da ya wuce wannan ba shi da inda za a kashe shi sai a biyan tara. Wannan ya kamata mai son komawa babur ya sa a ransa tun a wurin saye: a ƙarfin inji, doki 47 na CB500X sun isa dokar titin ƙasar nan, doki wajen 70 na masu cc 650 sun isa har da kaya da goyo, abin da ya ɗara haka nauyi ne da tsadar taya da inshora.

Kafin in tsaya a kan wannan babur na hau guda biyar, wasu a shagon dillalai, wasu a hannun masu sayarwa da na samu ta manhajar Haraj. Abu huɗu na riƙa aunawa, kuma nauyi ne kan gaba. CB500X, wanda yanzu ake kira NX500, bai cika kilo 200 ba da mai a tanki. V-Strom 650 da Kawasaki Versys 650 da Honda NC750X duk suna tsakanin kilo 210 da 220. Manyan baburan yawon duniya suna farawa daga wajen kilo 250, kafin a ɗora akwatuna. A takarda bambancin kilo 35 ba ya tsorata mutum. Ka tura shi da baya a kan ɗan tudu, ka karkata shi kaɗan ka mayar, a nan za ka gane. Kuma ba yawan kilo kaɗai ba ne, har da inda nauyin ya zauna. NC750X tankinsa a ƙarƙashin sirdi yake, injinsa kuma a kishingiɗe zuwa gaba, sai ka ji kamar ya fi Versys sauƙi nesa ba kusa ba alhali ma'auni ɗaya suke nunawa kusan. Inda aka saba ganin tanki kuwa akwati ne da ke ɗaukar hular kwano. Abin da ya raba ni da shi ƙanƙantar tankin ne, lita 14, da kuma cewa duk shan mai sai an ɗaga sirdin baya, wato sai an kwance jakar da aka ɗaure a kai.

Na biyu tsayin sirdi. Tsayina santimita 173. A kan Yamaha Ténéré 700, mai sirdi milimita 875, da ƙyar kan yatsun ƙafa ɗaya ke taɓa ƙasa. Babur ne mai kyau ga wanda zai shiga yashi da wadi, wato kwari, kuma hannunsa na nan a ɗanye, ba ga wanda ya shekara 14 a mota ba. Versys yana wajen 845, V-Strom 835, CB500X 830. Amma lamba ba ta faɗin komai game da faɗin sirdin: V-Strom injinsa silinda biyu ne a jere gaba da baya, shi ya sa tsakiyarsa siririya ce, ƙafa tana sauka a miƙe. Ka gwada da takalmin da za ka yi tafiya da shi, ba da silifa ba, kuma ka tabbata tudun tafin ƙafafunka biyu yana zama a ƙasa, ko kuwa ƙafa ɗaya ta zauna gaba ɗaya ba tare da ka zame daga sirdi ba.

Na uku tayar gaba. Inci 17, irin ta Versys, ta fi saurin kwanciya a kwana a kan kwalta mai kyau. Inci 21, irin ta Ténéré, ta ƙasa ce da tsakuwa, kuma da tiyub take zuwa, wanda in ƙusa ta shige shi sai an cire taya. Inci 19 tana tsakiya, ita ce a V-Strom da CB500X na 2019 zuwa sama, kuma ba tiyub, ƙusa ta shiga ka toshe da igiyar faci cikin minti goma ba tare da ka kwance komai ba. A hanyar da za ka yi kilomita 50 ba ka ga banshar ba, wato mai faci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na huɗu tanki: Versys lita 21, V-Strom 20, CB500X 17 da rabi.

Da muka iso gindin dutse, inda ake kira Kar, Alhaji ya tsayar da mu ya ce kowa ya sha ruwa ya cire baƙin gilashi. Ya dube ni ya ce, "Malam, giya ta 3 za ka zauna, kada ka bi ni, ka bi idonka." Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace amfani a ranar. Mai komawa babur in ya sa ido a kan fitilar bayan na gabansa, sai ya shiga kwana da gudun da ba nasa ba.

Hanyar Hada tana hawa daga ƙasan Makka zuwa tsayin wajen mita 2,000 cikin tazara kaɗan, kwana bisa kwana, an raba hannun hawa da na sauka, manyan motocin kaya kuma ba sa bi ta nan. Wani lokaci ana rufe ta saboda ruwan sama ko gyara, sai a koma ta Sailul Kabir, don haka a bincika tun daren jiya. A kwanoni biyar na farko hannuwana sun sandare, ina kallon shingen kankare maimakon mafita, babur kuwa inda ido ya tafi nan yake bi. Gyaran abu uku ne kuma a jere suke. A gama birki da sauya giya tun babur yana tsaye a miƙe. A juya kai gaba ɗaya, har haɓa, zuwa inda kwana ta ƙare. Sannan a tura hannun babur na ɓangaren da za a juya: kwanar dama a tura hannun dama gaba, ta hagu a tura na hagu. Da zarar ya kwanta sai a riƙe totur kaɗan a buɗe, kada a sake shi gaba ɗaya, domin sakinsa yana jefa nauyi kan tayar gaba. A nan ne na gode wa Allah da ban sayi babba ba. Injin cc 650 yana ja tun daga ƙasa ba tare da fizga ba, in hannu ya yi kuskure ya ƙara wuta fiye da kima, taya ba ta zamewa. V-Strom na 2017 zuwa sama ma suna da na'urar da ke rage wuta in tayar baya ta fara sulɓi.

A saman Hada birai ne jingim a bakin titi, masu motoci suna tsayawa ba sigina don su jefa musu abinci. A bar tazara, kuma in an tsaya kada a bar jakar tanki a buɗe ko safar hannu a kan sirdi. Muka wuce miƙatin Wadi Muhrim. Ƙanin matata ya kawo shawarar in mun dawo ta nan mu ɗauki harami mu yi Umra, Alhaji ya tuna masa cewa mai harami ba ya rufe kai, mai babur kuwa ba ya tafiya ba hular kwano, don haka Umra sai wata rana a mota.

A Ɗa'ifa muka kwana a gidan wani kawun Alhaji, aka yi hira da Hausa har dare ya raba, matasan gidan suna cakuɗa ta da Larabci. Da safe kafin rana ta taɓa tayoyi na auna iska a ma'aunin psi: 33 a gaba, 36 a baya in ni kaɗai ne, 41 in da goyo ko kaya mai nauyi, kamar yadda takardar da ke manne a jikin babur ta nuna. Ana aunawa taya na sanyi, domin in ta yi zafi ma'auni yana ƙaruwa, wanda ya rage iska a lokacin zai wayi gari da taya a saɓule.

Tun da maganar taya ta zo, bari in tsaya a kan sayen babur na hannu a ƙasar nan, domin a nan ne mutane suka fi asara. Babura da yawa a Jidda ana sayensu ne da sha'awa, a hau su damina ɗaya, a ajiye su shekara uku a rana. Sai ka ga kilomita kaɗan a agogo, ka ɗauka ka yi tsuntuwa. Babur ɗin da aka ajiye ya fi wanda ake hawa lalacewa. Nawa na same shi da zanen taya kamar sabo, amma a gefenta, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Sun nuna ta haura shekara shida, robar ta bushe ta yi tauri, da ƙananan tsagu a tsakanin zane. Irin wannan taya ba ta kama kwalta, sai na sauya duka biyun kafin in fita gari. Na sauya ruwan birki, DOT 4, wanda ƙa'idarsa duk shekara biyu. Na sauya ruwan lagireto, da batir, da baƙin mai 10W-40 wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan. Man mota ba ya yi, domin kulocin babur a cikin mai yake wanka, man mota na sa shi sulɓi. Wurin dubawa kuma: ka ce wa mai shi kada ya tayar da injin kafin ka zo, ka taɓa da hannunka ka ji da sanyi, sannan a tayar a gabanka. Ka leƙa cikin tanki da fitila ko akwai tsatsa, ɗanshin Jidda yana cin ƙarfe. Ka shafa sandunan shokan gaba ko akwai mai. Ka ja sarƙa daga bayan haƙoran baya, in ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta gama aiki, kuma sarƙa da haƙoranta gaba da baya tare ake sauya su. Ka duba ƙarshen hannuwa da matakin ƙafa da gefen salansa, su ke tona asirin faɗuwa. Sannan takardu: istimara, wato takardar rajistar babur, da sunan mai sayarwa, lambar jikin babur ta dace da ta takarda, a mayar da mallaka ta hanyar hukuma, a yi inshora. Lasisin mota ba ya wadatarwa, babur lasisinsa daban yake.

Mako uku kafin tafiya kuma, duk bayan asuba, na riƙa zuwa wani filin ajiye motoci da babu kowa, da gorunan ruwa shida a matsayin alama. Zagaye mai siffar lamba 8 a giya ta 1, kuloci a rabi, ƙafa tana taɓa birkin baya kaɗan. Tsayawar gaggawa daga 30, sannan 50, sannan 70, har sai da hannu ya saba da bugun da ABS ke yi, domin wanda bai taɓa jin sa ba yakan firgita ya saki birki. Ba na ganin ya dace mutum ya tunkari akaba, wato hanyar hawan dutse, bai yi wannan ba.

Daga Ɗa'ifa zuwa Baha ta babbar hanya mai lamba 15 kusan kilomita 220 ne, amma mun bi ta tsohuwar hanyar duwatsu da ta ratsa Bani Sa'ad da Maisan da Mandaƙ. Ta fi ɗaukar lokaci, ta fi kyau nesa: gonaki a jere kamar matakala a jikin dutse, tsofaffin hasumiyoyin dutse a kan tuddai, masu sayar da zuma da rumman a bakin hanya. Titin siriri ne, da tudun rage gudu a shigar kowane ƙauye, wasu ba fenti, da tsakuwar da ruwa ya wanko ya zube a tsakiyar kwana. Tayar inci 19 da dogon shoka suna haɗiye irin wannan ba tare da babur ya girgiza kai ba.

A wannan hanya abin da nake gudu ya faru, ba a kaina ba. Mun wuce wata mahanga, muka ce mu juya. Wurin gangare ne ta gefe guda. Alhaji ya juya kamar mai keke. Na juya da ƙafa ɗaya a shirye. Ƙanin matata ya karya kan babur gaba ɗaya, ya ga bakin kwalta ya matso, ya taɓa birkin gaba. Birkin gaba da kai a karye, a gudun tafiyar ƙafa, kayar da babur yake yi nan take. Ya sa ƙafa ta ɓangaren gangare, ƙasa ta yi masa nisa, kilo 250 da akwatuna uku suka kwanta. Bai ji ciwo ba, alhamdu lillahi, sai hannun kuloci da ya lanƙwashe. Ya ce, "Yaya, ku taimaka, ni kaɗai ba zan iya ba." Mu biyu muka ɗaga. Yadda ake yi: a kashe inji, a sa giya ta 1, in ta dama ya faɗi a fara buɗe jak, a juya wa babur baya a sa ƙugu a jikin sirdi, hannu ɗaya a hannun babur na ƙasa, ɗaya a ƙarfen riƙo na baya, a tura da ƙafafu da ƙananan taku, ba da baya ba. Na gwada wannan da V-Strom a kan tabarma tun a gida, na san ina iyawa ni kaɗai. Ina ganin duk babur ɗin da ba za ka iya ɗagawa kai kaɗai ba, bai kamata ka shiga da shi inda ba mutane ba.

Baha tana sama da mita 2,000, Abha wajen 2,200. A irin wannan tsayi iska ta yi ƙaranci, inji yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000. Baburan yanzu ba su da kafireto, kwamfutar inji tana daidaita mai da kanta, ba sa tari ko cin fulogi kamar na da, amma ƙarfin da ya tafi ya tafi. A nan ne kawai na ga iyakar CB500X: in Alhaji zai wuce mota a hawa sai ya sauke giya biyu ya jira fili mai tsawo. Shi kaɗai ne da 'yar jaka, bai damu ba. Da a ce yana da goyo da akwatuna, da ya sha wuya. Wanda zai riƙa tafiya shi kaɗai, jikinsa ba mai nauyi ba, cc 500 ya ishe shi, ya fi arha, ya fi sauƙin sarrafawa, ya fi ƙarancin shan mai. Wanda zai ɗauki iyali ko kaya masu yawa ya hau duwatsu, ya nemi 650 zuwa 750. A duba kuma iyakar nauyin da littafin babur ya yarda a ɗora, yawancin na wannan aji wajen kilo 200 ne, har da direba da goyo da akwatuna da ruwan sha.

Rana ta uku ita ce mafi tsawo a kan duwatsu, sama da kilomita 300 ta Baljurashi da Namas da Tanuma. Mun karya da tamis da ful, wato gurasa da wake, da shayi, muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru a wani masallacin mahaɗɗa, wato gidan mai. Bayan Namas hazo ya taso daga ɓangaren Tihama ya rufe titi, har ba ka ganin abin da ya wuce mota uku. Ma'aunin zafi a agogon babur ya sauko digiri 11, alhali shekaranjiya a Jidda gumi muke yi. Rigar raga mai shan iska da ta cece ni a ƙasa ta zama azaba, sai da na sa rigar ruwa a kanta, ita ce ke tare iska. A hazo ƙaramar fitila ake bari, babbar tana dawo da haske cikin ido. Gilashin hula yana yin gumi daga ciki, a ɗaga shi kaɗan kamar faɗin yatsa. Kwalta da fentin layi suna yin santsi, sai a rage kwanciya a kwana, a taɓa birki da wuri kuma a hankali.

Sirdi da gilashin gaba sai a irin wannan rana ake sanin halinsu, gwajin minti goma a gaban shago ba ya nuna komai. Zama a miƙe, gwiwa ba ta naɗe sosai ba, hannu ba ya ɗauke da nauyin jiki, shi ne ya sa na sauka a Abha da sauran ƙarfi. Gilashin kuwa a tsayin da na same shi yana jefo iska daidai goshin hula, kai ya yi ta rawa. Na sauke shi mataki ɗaya da makulli, iska ta koma ƙirji, rawar ta tsaya. Abin toshe kunne na soso, mai arha, ya rage gajiya fiye da yadda na zata.

A lissafina V-Strom ya riƙa yin kilomita 23 zuwa 24 a lita, CB500X wajen 28, babban kuwa bai kai 19 ba kuma fetur mai lamba 95 yake sha, mai jan famfo, mu kuwa 91 mai kore. A lokacin tafiyarmu litar 91 riyal 2.18 ce, ta 95 kuma 2.33, wato cika tankina daga ƙasa bai kai riyal 45 ba, ya kuma kai ni sama da kilomita 400. Duk da haka a rabin tanki muke sha, saboda a ƙananan hanyoyi ba kowace mahaɗɗa ke buɗe ba.

Mun kwana biyu a Abha, muka hau Suda, inda tsayi ya kusa mita 3,000, muka ci hanis, wato gasasshen nama. Da yamma na wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, ba da fetur ba, domin fetur yana cin ƙananan zobban roba da ke riƙe man cikinta. Na fesa mai ta ciki, na auna sakinta a tsakiya, tsakanin milimita 20 da 30 ake so. Sarƙar da aka ɗaure tamau ta fi sakakkiya ɓarna, tana cin bodin giya.

Saukowa ta akabar Sha'ar zuwa Muhayil ita ce jarrabawar birki. Gangara ce mai tsawo, da ramukan da aka huda a cikin dutse ɗaya bayan ɗaya, daga hasken rana ka faɗa duhu, shi ya sa baƙin gilashi ba shi da wuri a nan. Kuskuren da ake yi shi ne a sa babbar giya a kwanta a kan birki tun daga sama har ƙasa. Faifai ya yi zafi, zafin ya kai ga ruwan birki, in ruwan tsoho ne ya sha ɗanshi sai ya tafasa: sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa wajen 155. In ya tafasa, ka ja hannun birki ya taho har jikin roba ba abin da ya kama. Giya ta 3, wani wuri ta 2, inji ya riƙe babur, birki kuma a ja da ƙarfi na ɗan lokaci kafin kwana a sake shi ya huce. Injin silinda biyu yana riƙewa sosai a gangara, kuma babur mara nauyi tun farko bai ɗora wa birki aiki mai yawa ba.

A ƙasa zafi ya tarbe mu kamar an buɗe tanda. Daga nan hanya ce doguwa ta Ƙunfuza da Lis zuwa Jidda, gaba ɗaya daga Abha sama da kilomita 600, iska tana bugowa daga teku ta gefe, yashi yana kwararowa kan kwalta a wasu wurare, tireloli suna wucewa su ja ka su sake. A riƙe tanki da gwiwa, a sassauta hannu, a bar babur ya ɗan jingina cikin iskar. Nan ne kaɗai babban babur ya fi mu jin daɗi. Lita uku ta ruwa kowa ya sha kafin la'asar, muna jiƙa rigar ciki a duk tsayawa. Alhaji ya ce ba za mu yi tafiyar dare a Tihama ba saboda raƙuma, don haka muka kwana a Ƙunfuza, muka ƙarasa da safe. Lambar 997 ta motar asibiti da 996 ta jami'an tsaron hanya suna rubuce a takarda cikin jakar tanki, tare da igiyar faci, ƙaramin famfon iska mai aiki da batir, da makullan da suka dace da kusoshin babur ɗin.

Da muka shigo Jidda agogo ya nuna mun haura kilomita 1,400. Washegari na wanke gishirin iskar teku daga jikin babur, na sake shafa wa sarƙa mai, na kai shi wurin bakanike ya sa ƙarfen kariya a gefen inji da jak na tsakiya, wanda rashinsa ya sa duk gyaran sarƙa a hanya sai wani ya riƙe mini babur ina tura shi taku-taku.